"Ki Bar wa Allah" Ba Hukunci Ba Ne

1/ Zare ne, kuma da ɗan tsawo. 'Yan'uwana matasa na cikin ikkilisiya, ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara jifana. Magana zan yi a kan jimlar da muka fi amfani da ita wajen rufe bakin wanda aka zalunta a majami'a: "Yi haƙuri, ka bar wa Allah."

2/ Ba zan faɗi sunan majami'a ko na mutum ba, don Allah kada ku tambaye ni. Akwai wata mama a unguwarmu, gwauruwa, 'yar Zumuntar Mata. Da mijinta ya kwanta ciwo, ta karɓi rance a hannun wani dattijon ikkilisiya don kuɗin asibiti, ta ba shi gonarsu jingina. Mijin bai tashi ba.

3/ Kowa ya san yadda jingina take a ƙasarmu: ka noma gonar, ranar da aka kawo kuɗinka ka mayar. Shekara 3 tana soya ƙosai tana zubin adashi har kuɗin ya cika. Da ta kai masa, sai ya ce ai shi ciniki suka yi, gona ta zama tasa. Babu takarda, wanda ya san zancen kuma yana kabari.

4/ Ta kai kuka gaban dattawa. Shi wanda take ƙara yana zaune a cikinsu, shi ma ya buɗe zaman da addu'a. Abin da ta fito da shi daga ɗakin nan shi ne: "Mama, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah. Kada mu ba na waje abin magana."

5/ Bayan mako biyu ta fashe da kuka a taron mata, ta ambaci sunansa. Ai kuwa nan take aka sa ta ƙarƙashin horo, wai tana raba kan ikkilisiya. Aka hana ta jibin Ubangiji, aka mayar da ita bencin baya. Shi kuma a Lahadin nan shi ya yi addu'ar baiko.

6/ Ina ina a lokacin? Ina nan, ni ne magatakardan matasa. Na ji komai, na yi gum. Na ce wa kaina ba huruminmu ba ne, manya sun san abin da suke yi. Saboda haka wannan zaren da kaina na fara, kafin kowa.

7/ Abin da ya hana ni barci shi ne Nehemiya sura 5. Muna son Nehemiya sosai in za a yi gidauniyar gini: garu, kwana 52, kowa ya kawo buhun siminti. Amma sau nawa kuka ji an yi wa'azi a kan sura 5? Ku buɗe ta yau, ba ta da tsawo.

8/ Ga yanayin. Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya, mai shayar da Sarki Artashate na Farisa, ya bar fada ya zo Urushalima don sake gina garu. Sanballat da Tobiya da Geshem suna ta ba'a da barazanar kawo hari. Magina suna aiki da hannu ɗaya, makami a ɗaya hannun.

9/ A tsakiyar wannan zaman ɗarɗar ne talakawa da matansu suka ta da murya, kuma 'yan'uwansu Yahudawa suke ƙara. Wasu sun jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi saboda yunwa. Wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki. Wasu har 'ya'yansu mata sun riga sun shiga bauta.

10/ Da a ce irin shugabanninmu ne, kun san amsar: "Haba jama'a, yanzu lokacin wannan ne? Maƙiya suna bakin ƙofa. Ku bari mu gama garu tukuna." Kuma da ya faɗi haka, da mutane da yawa sun ce ya yi hikima.

11/ Nehemiya bai faɗi haka ba. Ya husata ƙwarai. Bai yi magana cikin zafin rai ba, sai da ya zauna ya yi tunani. Daga nan ya fuskanci manyan gari da shugabanni ido da ido, ya gaya musu suna cin riba a kan 'yan'uwansu. Sannan ya kira babban taro a kansu. A fili, gaban kowa.

12/ Ku lura, ba sabuwar doka ya ƙirƙiro ba. Fitowa 22, Littafin Firistoci 25 da Maimaitawar Shari'a 23 duk sun hana karɓar riba a hannun ɗan'uwa matalauci. Manyan nan sun san dokar sarai. Abin da suka rasa shi ne mutumin da zai tuna musu da ita ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

13/ Zancen "na waje za su yi mana dariya" kuwa, juya shi ya yi a kansu. Ya nuna musu cewa cin zalin nan nasu shi ne yake jawo wa jama'ar Allah reni a idon al'ummai. Wato mai cin gona shi ne ya ɓata suna. Matar da ta yi ihu ba ta ɓata komai ba.

14/ Ga abin da ya fi taɓa ni: ya amsa a gaban taro cewa shi ma da 'yan'uwansa da barorinsa suna ba da rancen kuɗi da hatsi, ya ce duka a daina karɓar riba. Ya sa kansa cikin lissafi. Yaushe rabon da ku ji shugaba ya tsaya a bagade ya ce "har da ni"?

15/ Bai kafa kwamiti ba. Ya ce a mayar da gonaki, da gonakin inabi da na zaitun, da gidaje, a ranar nan. Da suka amsa, bai tsaya ga fatar baki ba, ya kira firistoci aka rantsar da su. Ya karkaɗe rigarsa, alamar yadda Allah zai karkaɗe duk wanda ya saɓa alkawari.

16/ Me ya ba shi bakin magana? Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba. Na gabansa suna karɓar abinci da ruwan inabi har da shekel 40 na azurfa daga talakawa. Shi kuwa mutum 150 ke cin abinci a teburinsa. Bai kuma sayi gonar kowa ba.

17/ Nan ne ciwonmu yake. Bakin da ya ci, shi ke jin kunya. In dattijon nan shi ya sayi janareta, shi ya yi rufin gidan Fasto, shi ke aiko da buhun shinkafa duk Kirsimeti, to ranar da gwauruwa ta kawo ƙararsa an riga an yanke hukunci tun kafin ta zauna.

18/ Kuma garun bai tsaya ba fa. An gyara zaluncin cikin gida, aka kuma gama gini cikin kwana 52. Don haka duk mai ce muku yin adalci zai kawo wa aikin Allah cikas, ku tambaye shi a wace sura ya gani.

19/ Na san halin da muke ciki a Arewa. Akwai garuruwan da samun filin gina majami'a kansa yaƙi ne, akwai waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Tsoron ba na ƙarya ba ne. Amma Nehemiya ma a cikin tsoro yake. Matsin waje ba lasisi ba ne na danne na ciki.

20/ Mu zo Sabon Alkawari, Ayyukan Manzanni 6. Ikkilisiyar farko a Urushalima, manzanni na raye. Sai Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Matsalar yare da ɓangaranci ke nan, irin wadda muka sani a majami'un da ƙabila ɗaya ta riƙe komai.

21/ Manzanni 12 ba su ce "masu gunaguni suna da ruhun tawaye" ba. Sun tara dukan jama'a suka ce ku zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida mu danƙa musu aikin. Duba sunayen: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, Nikolas. Dukansu sunayen Helenanci ne.

22/ Ga dukan alamu, ɓangaren da ya yi kuka shi aka miƙa wa makullin rumbu. Nikolas ma mutumin Antakiya ne da ya shigo addinin Yahudanci daga waje. Me ya biyo baya? Maganar Allah ta ƙara yaɗuwa, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.

23/ Yanzu bari in amsa abin da na san za ku cika min akwatin saƙo da shi. Na farko: "Kada a taɓa shafaffen Ubangiji." Je ka karanta Zabura 105 daga sama. A kan Ibrahim da Ishaku da Yakubu take magana, lokacin suna 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo ƙasa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna saboda su.

24/ Aya ce ta kare marasa ƙarfi daga masu mulki, mun mayar da ita garkuwar masu mulki. Dawuda ma da ya ƙi kashe Saul a kogo, a 1 Sama'ila 24, ai fitowa ya yi ya ɗaga murya ya nuna masa laifinsa, da yankin rigarsa a hannu. Natan kuma ya shiga har fada ya fuskanci Dawuda kan Uriya.

25/ Na biyu: "Matiyu 18 ta ce a yi a ɓoye." Matakin farko ke nan. In bai ji ba a zo da shaidu, in ya ƙi a gaya wa ikkilisiya. Maman nan ta bi duka. 1 Timoti 5 ta ce a nemi shaidu biyu ko uku kafin a karɓi ƙarar dattijo, ta kuma ce mai zunubi a tsawata masa gaban kowa. Rabin farko kawai muke haddacewa.

26/ Bulus ma a Antakiya, da Bitrus ya janye daga cin abinci da masu bi na al'ummai don tsoron wasu baƙi daga Urushalima, har Barnaba ya bi sahu, a gaban jama'a ya tsawata masa. Galatiyawa 2. Bitrus fa. In ana iya gyara Bitrus, wane ne dattijonku?

27/ Na uku: "1 Korantiyawa 6 ta hana zuwa kotu." Abin da ya ba Bulus haushi a wurin shi ne a rasa mai hikima ko ɗaya da zai raba gardama tsakanin 'yan'uwa. Ba za ku ƙi yin shari'a a ciki, ku kuma hana mutum nema a waje ba. In kuwa fyaɗe ne ko cin zarafin yaro, a kai wa hukuma, babu zaman dattawa a kai.

28/ Na huɗu: "Ai gafara aka koya mana." Ƙwarai. Maman nan tana iya gafartawa daga zuciyarta, wannan tsakaninta da Allah ne. Amma gafararta ba ta mayar da gonar halal a hannunsa ba. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba a Luka 19, ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa.

29/ Shugaban da ba ya cin na kowa amma yana kau da kai, ya tuna da Eli. Shi bai saci naman hadaya ba, 'ya'yansa Hofni da Finehas ne. Ya yi musu faɗa da baki, ya bar su a kan aiki. Hukunci ya faɗa a kan gidan duka. Kirki ba ya wanke shugaban da ya ga ɓarna ya ƙyale.

30/ Ban ce kowace ƙara gaskiya ce ba. Ana yi wa Fastoci da dattawa ƙage, na gani da idona. Shi ya sa ake bukatar bincike na gaskiya, domin shi ne zai wanke marar laifi. Rufa-rufa tana barin kowa cikin zargi, har mai gaskiya.

31/ Ga abin da nake roƙo, kuma ba shi da tsada. Wanda ake ƙara ya fita daga ɗakin da ake sauraron ƙarar, shi da danginsa. A rubuta ƙara, a sa ranar amsa. A karanta lissafin baiko da zakka gaban jama'a. Mai kawo kuka ya zo da wanda ya amince da shi, kada ya zauna shi kaɗai gaban manya.

32/ Horo kuma ya zama mudu ɗaya. Yarinya ta yi ciki, kafin Lahadi an kira sunanta a sanarwa. Mai kuɗi ya cinye gonar marayu, sai a ce "ana addu'a a kai". Yaran da ke zaune a makarantar Lahadi suna kallo, kuma wannan darasin ya fi shiga kansu fiye da ayar haddacewa.

33/ Ku matasa, ban ce ku je ku zagi iyayenku ba. Ku rusuna ku gaida Baba, ku ce "Baba, da izininka ina da tambaya", sannan ku yi tambayar, kada ku haɗiye ta. Kada kuma ku saki sunan mutum a Facebook kan jita-jita. Ku bi matakai, amma ku bi su har ƙarshe.

34/ Makon jiya na je gidan maman nan. Na durƙusa na ce, "Mama, ki gafarce ni, na san gaskiya na yi shiru." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗana, tashi. Ni ba kuka nake so ba, gonar marayuna nake so."

35/ Ƙarshen wata akwai taron ikkilisiya. Na rubuta wa dattawa takarda, mu huɗu muka sa hannu, muna neman a sake sauraron maganar ba tare da shi a kujera ba. Watakila ni ma in koma bencin baya. Ba komai, akwai wuri kusa da Mama. Ku sa mu a addu'a, kuma kowa ya duba tasa majami'ar.