Mu Fito Gayya Tun Hadari Bai Haɗu Ba

Jama'ar Gusau, Tsafe da Bungudu, a tashi tsaye!

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san yadda damina ke shigowa. Wajen Mayu zuwa Yuni, da la'asar sakaliya, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da jar ƙura tun ɗigon farko bai sauka ba. Kafin a kwashe shanya ta yaye kwanon firamare ta jefa a gonar wani, turakun lantarki sun kwanta, reshen darbejiya ya danne ɗakin tsohuwa. Sai a yi jaje, a koma shuka. Agusta na kamawa marka ta sauka. Ginin ƙasa kuwa ba ya gargaɗi: gindin katanga ya yi ta shan ruwa, ya yi laushi, ya tsage, sannan ya zauna kan masu barci da tsakar dare.

Mutumin Gusau ba ya bukatar a ba shi labari. A ƙarshen Satumbar 2006, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Gusau da ke kan Gulbin Sakkwato ta ɓalle. Rahotanni suka ce kimanin mutum 40 sun rasu, gidaje wajen 500 sun rushe. Ƙofofin da aka yi domin su saki ruwa ne suka ƙi aiki a ranar da aka bukace su. Gulbin nan shi ne ya gangara ta Bungudu. A Agustan 2024 ambaliya ta afka wa Gummi, watan da ya biyo baya madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Amma birni idan ya nutse, kyamara na zuwa, manya na zuwa. Wa ke zuwa Wanke ko Magami? Wa zai kai tabarma Keta, ko ƙauyukan bayan Kwatarkwashi, alhali hanyar da ruwa bai yanke ba 'yan bindiga sun tare ta? Asarar ƙauye ba ta shiga labarai, ga ta kuma da zurfi. Rumbu ya faɗi a Agusta, daidai lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Damman geron da suka rage su jiƙe, su tsira, su ruɓe. Shinkafar fadama yashi ya binne ta. Masai ya cika ya malala cikin rijiya, bayan 'yan kwanaki a fara ɗaukar yara da amai da gudawa. Wanda zai fara isa wannan gida maƙwabci ne, ba motar agaji ba.

Saboda haka a farfaɗo da gayya. Mai unguwa ya sa rana, liman ya sanar. Samari, ku ɗauki shebur ku yashe magudanai, ku fid da ledar da ta toshe kwalbati. Magidanci, hau soronka ka duba indararo, ka yi yaɓe, ka tara ƙasa a gindin katanga don ruwa ya gangara waje. Ka kira kafinta ya ƙwanƙwasa katakon rufi. Ƙusa a katakon da gara ta cinye ba ta riƙe komai, kuma rufin da ba a ɗaure shi da bango ba na iska ne. A ɗaga rumbu kan duwatsu. Gidan gwauruwa da na marayu a fara da su. 'Yan gudun hijirar da ke kwana a kangwaye da bakin kwari, a nema musu tudu tun yanzu. Masu gawayi kuma, ku ji tsoron Allah: itatuwan da kuke sarewa su ne ke karya ƙarfin iska kafin ta iso gari.

Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA na fitar da na ambaliya. Me amfaninsu a ofis? Gidajen rediyo su yi ta maimaita su da Hausa, a karanta su bayan sallar Juma'a.

In kuma ambaliya ta afku, Allah Ya kiyaye, kada a tsaya a jaje. A ɗauko littafi a rubuta gida gida: ɗaki nawa, rumbu nawa, awaki nawa. A karanta a ƙofar dagaci kowa na ji, domin kada sunan da ruwa bai taɓa ba ya riga na mai asara shiga. A kai wa ƙaramar hukuma, a kai wa hukumomin agajin gaggawa na ZEMA da NEMA, a kai Hukumar Zakka da Waƙafi, a riƙe kwafi, a yi ta bibiya. 'Ya'yan ƙauye da ke Kano, Abuja da Legas, bandir ɗin kwano ɗaya daga hannunku rufin iyali ne.

Ga masu kula da madatsar Gusau, muna da tambaya: yaushe aka gwada ƙofofin nan na ƙarshe? A gwada su kafin Agusta, a faɗa wa jama'ar da ke kwana a ƙasan gulbi abin da aka gani.