Murhun Soja Ba Ya Dafa Wake

Bara, ana saura kwana uku mu tashi zuwa Maulidin Prang, ɗan ƙanwata ya shigo mini zaure da wata 'yar jaka mai launin kayan soja. Ya zazzage ta a kan tabarma: wani ɗan murhu mai ƙafa uku wanda bai fi tafin hannu ba, gwangwanin gas guda biyu, da wasu fararen dunƙule masu kama da sukarin kwali. Ya ce, "Kawu, bana a bar kurfoti a gida. Da wannan sojojin Turai suke girki a daji." A wani shago a Adum ya saye su, kuma kuɗin da ya biya ya isa sayen buhun gawayi har da canji.

Mu ashirin da bakwai ne a motar nan da ta ɗauko mu daga Aboabo, ta bi Mampong, Ejura da Atebubu. Da muka sauka, matan suka ɗora tukunyar waakye a kan murhun sojan, sai ya durƙushe. Aka koma ƙaramar tukunya, gwangwanin farko ya ƙare wake bai ko yi laushi ba. Kurfoti biyu da innarsa ta ɓoye ƙarƙashin kujera su suka ciyar da mu kwana uku.

Ba yaron nake zargi ba. Rigimata da wannan ɗabi'a ce da ta shigo Zongo, ta cewa duk abin da aka shafa wa fentin soja ya fi namu. Wanda ya ƙera murhun nan bai taɓa nufin a dafa wake da shi ba. Abincin sojan Ingila ko na Amurka a fagen daga dafaffe ne tun daga kamfani, ɗumamawa kawai yake so. Fararen dunƙulen nan, da ake kira heksamin, aikinsu su tafasa kofi ɗaya na ruwan shayi cikin 'yan mintoci. Hayaƙinsu na da guba, suna barin danƙo a gindin tukunya, har sojojin Ingila ma sun sauya su da wani mai na daban mai kauri kamar man shafawa. Na Amurka kuwa sau da yawa ba sa ko kunna wuta: ruwa ake zubawa cikin wata leda mai garin ƙarfe, ta yi zafi da kanta. Gwangwanin gas ɗin kuma giram 230 ne a cikinsa, da ƙyar ya wuce awa biyu in an buɗe shi sosai, kuma in ya ƙare ba mai cika maka shi a Prang. Mu fa abincinmu wake ne da kanwa da karan dafi, sai tuwon da ake tuƙawa da ƙarfin damtse. Murhun da ba zai jure muciya ba me zai yi mana?

In ma koyi da soja ake so, a koya daidai. A yaƙin duniya na biyu, sojojin Ingila da ke hamadar Libiya suna da risho na kamfani, yashi ya riƙa toshe shi. Me suka yi? Suka yanke garwar fetur, suka cika rabinta da yashi, suka jiƙa da fetur, suka kunna. Har suna suka ba shi, murhun Bengazi. Kada wani ya ce na ce ya gwada. Fetur ba abin wasa ba ne. Abin da nake so a gani shi ne, sojan gaske da abin da ke gabansa yake girki. Kakanninmu da aka kwasa zuwa Bama, suka ratsa kwarin Kaladan a 1944 da kaya a ka, ba su jira gwangwani daga shagon Adum ba. Abin da ke gabanmu a hanyar Yeji kuwa gawayi ne, buhu-buhu a bakin titi, da kurfotin da maƙeran Suame ke bugawa da tsohon ƙarfe, wanda in ƙafarsa ta karye mai walda zai ɗinke ta kafin ka gama shan koko.

Na san abin da masu gas za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Gawayi bishiya ce aka sare, duk wanda ya bi ta Kintampo ya ga yadda daji ke ja da baya. Gawayi a cikin rufaffen tanti ko ɗaki kuwa kisa yake yi ba sallama, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari. Mutum ya kwanta jin ɗumi, shi ke nan. Da damina, in gawayi ya jiƙe, sai ka yi fifita har hannunka ya sage. Saboda haka ba na gaba da silinda mai kilo 6 da ake ɗaura wa kan girki a sama. Tana da gindin zama, ana cika ta a Kumasi, ta dace da shayi da kokon asuba. Sai dai a yi hattara da inda ake cusa ta a mota. Wanda ya tuna abin da ya faru a Atomic Junction a Akara cikin Oktoban 2017 ba zai yarda a danne silinda da katifu a rana tsaka ba. Game da sare daji kuma, akwai Gyapa, kurfotin nan mai cikin yumɓu da ke riƙe zafi ya rage cin gawayi. A nan ƙasar ake yin sa, sai dai yana da nauyi kuma yumɓun ba ya son ramukan hanya, don haka a naɗe shi da buhu.

Bana mun riga mun yi tsari: Gyapa biyu, kurfoti ɗaya, silinda ɗaya a gaba kusa da ɗan mota, gawayi kuma sai mun isa Ejura. Murhun sojan yana nan kan taga a ɗakin yaron, ya maishe shi wurin kunna maganin sauro.