Tsohuwar Laftof Ta Fi Mana Raspberry Pi

Matasanmu masu sha'awar kwamfuta sun daɗe suna ba da shawarar mu daina jibge komai a WhatsApp da Google Drive, mu tanadi na'ura tamu da za ta riƙe rajistar mambobi da lissafin kuɗin wata da hotunan taruka. A nan muna tare da su. Gigabait 15 kawai Google ke bayarwa kyauta, kuma tun Yunin 2021 hotunan da aka ɗora a Google Photos daga cikinsa suke ci. In ya cika sai a biya. Mun kuma ga yadda aka rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kayan aro ba ya rufe katara.

Inda muka raba hanya da su shi ne irin na'urar da za a saya. Yawancinsu idonsu na kan Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman katin ATM da ta fara fitowa a Ingila a 2012 a kan dala 35. Abin sha'awa ce, ba ta cin wuta, ba ta ƙara, kuma yaron da ya yi wasa da ita zai koyi abubuwa da yawa. Sai dai kuɗin da ake faɗa na allon ne tsurarsa. Sai an sayi caja, da gidan da za a saka ta, da katin memori, da faifan ajiya, duk a farashin dalar yau. Babbar matsalar kuma ita ce ba ta da batir. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a kan katin, yana iya lalacewa, na'urar ta ƙi tashi. Masu yabonta a YouTube galibi suna zaune ne inda wuta ke shekara ba ta ƙifta ba. Mu kuwa a Agege ko Idi-Araba kowa ya san halin da ake ciki.

Tsohuwar laftof da batirinta take zuwa, da allon kallo, da madannai. In ta samu matsala, ga masu gyara birjik a Computer Village da ke Ikeja, alhali Pi in ta ƙone yawanci sai dai a sayi wata. Lokacin ma ya dace: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma laftof da yawa masu lafiya ba sa ɗaukar Windows 11. A sami ɗaya, a sake mata batir, a sa mata faifan SSD, a ɗora Debian ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta su. Gaskiya ta fi Pi shan wuta, amma ƙaramar sola za ta riƙe ta.

A wajen manhaja ma muna roƙon matasa su rage zumuɗi. Nextcloud don ajiye takardu da hotuna, LibreOffice don lissafi, sun isa. Kada a ce za a riƙe imel a kanta, wahalarsa ta fi amfaninsa. Kuma ba lallai ne a buɗe ta ga intanet ba. Sakatare da ma'aji su zo ofis, su haɗa wayoyinsu da Wi-Fi na wurin, su kwashi abin da suke buƙata. Sunaye da lambobin wayar jama'a amana ne.

Abin da ya fi damunmu bai shafi na'ura ba. Wanda ya haɗa ta yau, gobe yana iya tafiya hidimar ƙasa ko ya koma gida Kano da lambobin sirri a kansa. Don haka kafin a fitar da ko sisi, a naɗa mutum biyu da za su koyi aikin tare, a rubuta lambobin sirri a takarda a damƙa wa shugaba, sannan duk ƙarshen wata a kwafi komai a wani faifan daban a kai shi wani gida, ba a bar shi a ofis ɗaya da laftof ɗin ba.