Taswirar Teku da Taswirar Gida

A makarantunmu an saba fara labarin ƙasa da taswirar duniya, a rataye ta jikin bango, yara su haddace sunayen tekuna. Mu dai a ganinmu an faro abin daga nesa. Tarihin taswira kansa shi ne hujjarmu.

Taswirorin teku na farko a Bahar Rum aka yi su. Wadda ake ɗauka ita ce mafi tsufa an same ta a birnin Fisa na Italiya, an kuwa zana ta wajen ƙarshen ƙarni na 13. A kan fata ake zana irinsu, a ja layuka daga tsakiya zuwa fuskoki 32 na kamfas, sa'an nan a jera sunayen tashoshin jiragen ruwa bakin gaɓa, manya da jan tawada, ƙanana da baƙi. Sun yi daidai ƙwarai, domin daga bakin matuƙa jirgi aka ɗauko su, mutanen da kuskure kaɗan zai hallaka su.

Amma da masu zane suka bar gaɓa suka shigo tudu, sai ji ya maye gurbin gani. A 1375 aka yi wata babbar taswira a tsibirin Mayorka, aka zana Mansa Musa na Mali zaune da curin zinariya a hannu, domin labarin hajjinsa na 1324 ya kai can. Bayan da aka buga littafin Hasan al-Wazzan a 1550, sunayen Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Zamfara suka shiga taswirorin Turai, amma suka sa Kwara tana gudu yamma. Jiragen Fotugal sun yi ta wuce bakunan kogin nan tun ƙarni na 15, ba wanda ya san shi ne wanda ya ratso Yawuri. Sai a 1830 Landa da ƙanensa suka bi shi cikin kwalekwale daga Busa har teku.

To, mutanenmu fa? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana ƙasashen Sudan cikin Infaƙul Maisuri. Da Kyaftin Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya zana masa hanyar Kwara a kan rairayi, aka kuma ba shi taswira da rubutun Larabci, wadda aka buga a Landan a 1826. Watau sanin ƙasa ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne rubuta shi. Fatake sun san kowane zango na hanyar Gwanja, masunta sun san kowace mashaya da kowane gurbi mai zurfi, amma yawancin wannan sani ya bi masu shi kabari.

Saboda haka muke cewa, malamin da aka tura Kebbe ko Tambuwal ya fara da abin da ƙafar yaro ta taka. Su zana makaranta da kasuwa da masallaci a ƙasa, su auna da taki. Sa'an nan su bi Gulbin Zamfara zuwa Jega, su ga inda ya haɗu da Gulbin Kabi, shi kuma ya faɗa Kwara. Yaron da ya bi ruwan garinsu har teku, ba sai an tilasta masa haddace sunan teku ba. A kuma aike su wurin tsofaffi su tambayo sunayen fadamu da tsofaffin hanyoyi da kufai, a rubuta su cikin littafin makaranta.

Wani zai ce, ga taswira bugaggiya, mene ne na wahala? Amsarmu ita ce, bugaggiyar ba ta san fadamar da ke cika da damina har ta yanke hanya ba, sau da yawa ma sunan ƙauyen a karkace ta rubuta shi. Wanda bai taɓa zana taswira ba, ba ya iya gane kuskurenta, sai ya gaskata duk abin da ya gani a takarda.

Tsofaffin nan ba za su jira mu ba. Allah ya ba mu ikon tambayarsu tun suna raye, amin.