An toshe wa mota baki, ana tambayar me ke damunta

Sau uku na kai motata gareji cikin wata guda. Sau uku! Tana zuƙar fetur kamar an huda tanki, salansa na aman baƙin hayaƙi, in na tsaya a danja sai ta kama karkarwa kamar mai masassara. Zuwan farko aka ce fulogi ne, na saya. Na biyu aka ce nozul, aka wanke. A na uku ogan ya kara kunne a jikin inji, ya yi shiru irin na masu duba, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan sai an sauke inji." Fitilar nan kuwa mai ruwan ɗorawa da ke ci a gaban direba, yaronsa ya yanko baƙin salatif ya manna a kanta. "Ka ga yanzu ta daina damunka."

Ta daina damuna! Kai jama'a. Ka taɓa jin mara lafiya na nishi, likita ya cusa masa tsumma a baki ya ce ya warke?

Ɗan'uwa, ni ba bakanike ba ne, aljihuna ne ya tilasta mini karatu. Motar yau ba ta kafireto ba ce. Kwamfuta ce ke auna mata fetur, kuma ba ta zuba ko ɗigo sai ta san yawan iskar da ta shiga, domin kowane giram ɗaya na fetur yana neman iska kimanin giram 14.7 kafin ya ƙone tas. To a mota irin tawa, wa ke gaya mata? Wata 'yar sansa da ba ta fi kwalin ashana ba, ana ce mata MAP, mai auna matsin iska a bututun da ke shayar da inji. A cikinta akwai wani ɗan faifan silikon siriri, bayansa ɗaki ne da aka zuƙe wa iska aka liƙe. In iska ta danno sai ya ɗan lanƙwasa, lanƙwasar ta koma wutar lantarki. Waya uku: ɗaya ta kawo bolt 5, ɗaya at, ɗaya ta kai rahoto. Iyakarta ke nan. Babu aljani a ciki.

Ka murɗa makulli ba ka tayar ba, za ta karanta matsin iskar gari: wajen kilofaskal 101 a bakin teku kamar Legas, ƙasa da 90 a kan tsaunin Jos. Ka tayar ka bar ta a silo, totur a rufe, fistin na tsotsa, sai ya faɗo wajen 30 zuwa 40. Ka take totur, ya sake hayewa. Da wannan hawa da sauka kwamfuta ke gane ko kana zaune a go-sulo ne ko kana hawan tudu da buhunan masara.

Tawa me ya same ta? Siririn tiyon da ke haɗa sansar da inji ne zafi ya gasa ya tsage. Iskar waje na kutsawa, sansa na rantsuwa cewa na take totur har ƙasa alhali ina tsaye, kwamfuta kuma baiwar Allah tana ta kwarara mai. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin aljihuna ne.

Wani matashin rewaya ne ya gano. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya soka na'urarsa a soket ɗin nan mai rami 16 da Amurka ta wajabta wa motocinta tun 1996, ta rubuto lambar matsala P0106. Ya duba, mota na silo amma matsi na nuna 90 da ɗoriya. Ya buɗe bonet, ya bi tiyo da yatsa, ya miƙo mini. Minti goma. Tun 1996 fa! Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu yana da iyali, mu kuwa har yau muna kara kunne a jikin inji.

Kuma kada mu yi ta zagin makanikai mu wanke kanmu. Mu ne in aka ce kawo kuɗin sa kwamfuta sai mu ɓata rai, wai don danna maɓalli kawai? Amma a ce mu sayo famfon mai sabo, jiki na rawa za mu tafi kasuwa, don shi ƙarfe ne, ana iya riƙe shi a hannu. Mu ne iyakilina ke cika da ƙurar hunturu, mu kaɗe ta a jikin taya mu mayar. Mu ne ke tsaye muna kallo ana tsokalar ramin sansa da tsinken waya, wai ana share ta, gyaran gangar auzinawa.

Da can da fetur ke da araha, wannan sakarci yana ɓuya. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowane baƙin hayaƙi da ka gani a titi cefanen gidan wani ne ke tashi sama.

Tiyon da aka canza mini, kuɗinsa bai kai na lita ɗaya ba. Tsofaffin fulogina huɗu, lafiyarsu ƙalau, suna nan cikin but a leda. Salatif ɗin kuwa da farce na kankare shi, har yanzu danƙonsa bai gama fita ba.