Dillalai, A Gwada Kuloci Kafin A Sallama

Yau maganata da dillalan tsofaffin taraktoci ce, musamman masu kawo mana Massey Ferguson 135 da 165 nan ƙasar Wudil. Tsakanin 1964 da 1975 aka ƙera su, ƙarfe ne mai jimiri, babu musu. Amma kuloci ba ya daɗewa kamar jikin.

Bara wani maƙwabcina a Kausani ya sayi 165 da bazara. Fenti sabo, inji na tashi bugu ɗaya, aka yi huɗa lafiya. Da kaka ta zo ya ɗaura injin casa a sandar baya, wadda bakanikai ke kira PTO. Ana zuba dawa sai sandar ta yi sanyi, ƙauri ya tashi. Kwana tara tana ajiye, masu dawa suka kira wani. Ya koma wa dillali, dillali ya ce ai an zagaya da ita a gabansa.

To, zagayawa ba gwaji ba ce. Yawancin waɗannan taraktoci feda ɗaya ce amma faranti biyu ne a ciki. In ka taka rabi, tafiya ta tsaya. In ka taka har ƙasa, sannan PTO ta tsaya. Mai kewaya fili farantin tafiya kaɗai ya gwada. A taka har ƙasa a sa PTO: in ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, da magana. A ɗaura mata inji a ga ko tana riƙe juyi 540 ɗin nan da kaya a kanta. A duba haƙoran sandar guda shida ko sun cinye. A leƙa ƙasa tsakanin inji da giya, don baƙin mai in ya zubo kan faranti ya gama da shi.

Abin da ya sa na dage, ba a canza kuloci sai an raba tarakta gida biyu. Ladan bakanike da kwanakin da aka rasa su ne asarar. Saboda haka ku masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa, in mutum ya zo neman faranti ɗaya, ku gaya masa ya haɗa da na biyun, da boris, da robar tare mai.

Kai kuma dillali, in ka ga aibin, faɗa a rage kuɗin gyara cikin ciniki. La'adarka za ta ɗan ragu, na sani. Maƙwabcin nan nawa dai bana zai sayi garma, kuma wani dillalin ya nema.