Ɗan Hakin Da Ka Raina

Duk malamin da ya taɓa zama da jan biro a hannu yana duba insha'in ɗalibansa na Turanci ya san inda jan layi ya fi yawa. Ba kasafai manyan kalmomi ke kayar da yaro ba, domin waɗannan yakan haddace su har ya yi ado da su. Abin da ke kayar da shi 'yan ƙananan kalmomin nan ne masu harafi biyu ko uku, irin su "of" da "to" da "on" da "for", waɗanda littafin nahawun Turanci ke kira "preposition". Ra'ayin wannan reshe shi ne lokaci ya yi da za mu ɗauki matsalar a matsayin aikinmu baki ɗaya, mu daina barin ta a wuyan malamin Turanci shi kaɗai.

Tushen matsalar a bakinmu yake. Bahaushe yana da kalma guda, wato "da", wadda ke yi masa aikin da Bature ke raba wa kalmomi huɗu ko biyar. Mukan ce na gaji da aiki, tulu ya cika da ruwa, ina alfahari da ɗana. A Turanci duk ukun "of" suke ɗauka: "tired of", "full of", "proud of". Mukan ce gero ya bambanta da dawa, Turanci ya ce "different from". Mukan ce ya yi kama da wansa, ya ce "similar to". Mukan ce ya dogara da noma, ya ce "depend on". Yaron da aka gaya masa tun yana aji uku cewa fassarar "da" ita ce "with" zai jera ta a duk waɗannan wurare, kuma a tunaninsa daidai ya yi. Abin da ke ƙara ruɗa shi, wani lokaci yakan dace, domin "angry with" da "satisfied with" daidai ne. Haka nan al'adarmu ta cewa mun tattauna a kan magana ita ke haifar da "discuss about", alhali "discuss" ba ta buƙatar ɗan rakiya ko kaɗan.

Mu a Bagudo muna da ƙarin kaya a kan wannan. Ƙasarmu bakin iyaka ce, daga Tsamiya zuwa Segbana ko daga Lolo zuwa cikin Jamhuriyar Benin ba wata tafiya ba ce, kuma aure da kasuwa sun daɗe da haɗa mu. A aji guda sai ka tarar da mai Hausa da mai Fulatanci da mai Dandanci, ga kuma wanda ya fara karatunsa da Faransanci a tsallaken iyaka. Shi wannan na ƙarshe kuskurensa daban ne. Faransanci yana cewa "dépendre de" da "responsable de", saboda haka sai ya rubuta "depend of" da "responsible of". Faransanci ba ya sa komai bayan kalmomin saurare da jira, saboda haka sai ya manta da "to" a "listen to", ya manta da "for" a "wait for". Malamin da ya gane daga wane harshe kuskure ya fito ya fi saurin gyara shi a kan wanda ya tsaya ga jan layi da faɗa.

Kada wani ya ce ai ana gane abin da yaron yake nufi. Mai duba jarrabawa ba ya ba da maki don ya gane. A tsarin duba insha'i na hukumar WAEC, cikin maki 50 an ware 10 domin ingancin nahawu da ƙa'idar rubutu, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki. Kuskure 20 ke nan sun share goman tas, kuma a rubutun da ake so ya kai kalma 450 ba wuya yaro ya tara su. A takardar zaɓi-ɗaya ma ana jefo tambayoyi a kan waɗannan kalmomi. Kowa kuwa ya san wanda bai sami kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a ba ta buɗe masa, kome kyawun sakamakonsa a lissafi ko kimiyya. Uban da ya sayar da buhun shinkafa ya biya kuɗin jarrabawa zai sake sayar da wani baɗi, wata yarinyar kuma daga nan karatun nata ya ƙare.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yara da yawa a allonmu suka kwafi kuskuren. Mu ma haka muka ji daga malamanmu, mun saba da "congratulate for" maimakon "congratulate on", mun saba da "comprise of" har ta zauna mana a kunne. Kuskuren yakan bi mu har cikin wasiƙun neman ƙarin girma, inda ake cakuɗa "apply for", wadda ke nuna abin da ake nema, da "apply to", wadda ke nuna wanda ake nema a wurinsa. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017 ba, lokacin da aka yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji aka sallami fiye da 21,000. Ƙungiyarmu ta yi adawa da wannan mataki har ta shiga yajin aiki a farkon 2018, kuma har gobe muna kan cewa horo ne maganin raunin malami, ba kora ba. Amma wanda ke neman a horar da shi, ya kamata a tarar ya riga ya fara horar da kansa. Bakinmu zai fi nauyi a teburin neman haƙƙi idan allonmu ba shi da abin nunawa da yatsa.

Hanyar gyaran ba ta da tsada. Waɗannan kalmomi ba su da wata doka guda da za a haddace a huta, kowace kalma da abokiyar tafiyarta. Saboda haka kada mu ƙara koyar da "afraid" ita kaɗai, mu koyar da "afraid of" a cikin jimla, kamar yadda ba a sayen takalmi ƙafa ɗaya. Muna ba da shawarar kowane aji ya ware kusurwar allo a rubuta irin waɗannan tagwaye guda biyar duk mako, a riƙa amfani da su a darasin lissafi da na kimiyya da na zamantakewa. A zango mai mako 12, yaro ya mallaki 60 ke nan. Muna kuma roƙon shugabannin makarantu su tabbatar akwai ƙamus na masu koyo a ofishin malamai. Irin wanda A. S. Hornby ya tsara, wanda maɗaba'ar Oxford ta fara bugawa a 1948, an yi shi ne musamman domin waɗanda Turanci ba harshensu ba ne, kuma yana nuna ƙaramar kalmar da ke bin kowace babba. Malami ya buɗe ƙamus a gaban ɗalibansa ba abin kunya ba ne, koya musu yake yi cewa matambayi ba ya ɓata.

Ga iyaye da sauran iyalanmu, ko ba ku jin Turanci kuna da rawar takawa. Ku tambayi yaro biyar ɗin wannan mako, ku sa shi ya karanta littafinsa da ƙarfi bayan magariba, domin kunne ne ke fara kama waɗannan kalmomi kafin hannu ya rubuta su. Mu kuma a namu ɓangaren muna kira ga taron reshe mai zuwa da ya amince a keɓe minti 15 a kowane zama, malaman Turanci na sakandare su zauna da 'yan'uwansu na firamare a bi kurakuran da suka fi yawa a littattafan yara. Kowa ya zo da misali biyar daga ajinsa, ba tare da sunan ɗalibi ko na malami ba. Allah ya taimake mu, ya ba yaranmu nasara.